Rabin Suna a Gindin Tasa

Gara in faɗa tun farko cewa ban amince da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Shekaru sun ɗan ja, kuma na sha juya wannan labari a raina har ina tsoron na shafe wani wuri na ƙara wani. Mai yiwuwa abin da zan ce ya faru ran Talata, ran Laraba ne. Mai yiwuwa kifayen da ke cikin tasar tara ne, ba bakwai ba. Amma abin da aka yi wa tasar da wanda ya yi, waɗannan ban manta ba, kuma har yau ban yafe ba.

Tarihi na karanta a jami'a. Bayan bautar ƙasa na daɗe ina yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, har wani ɗan unguwarmu a Ɗorayi ya sama mini aiki a wata masana'antar narka ƙarfe a Sharaɗa. Ana sayen tarkacen tagulla da jan ƙarfe a hannun 'yan gwangwan, a narka, a zuba kan famfo da mariƙin ƙofa. Ni aikina tsince kaya ne. A juye buhu a gabana, in bi shi da maganaɗisu in fitar da baƙin ƙarfe, sauran in ware da hannu, tagulla gefe, alminiyam gefe. Waya kuwa a wurin maigadi ake ajiye ta da safe, sai an tashi a karɓa, kuma kafin a fita sai an caje kowa.

Mutum uku ne suke da hannu a labarin nan. Akwai wani tsoho Badamagare da ke kula da tanderu, kowa Baba yake ce masa. Akwai wata mata 'yar Filato da ke zaune a Panshekara, ita ce a kan injin goge kaya, muna ce mata Mama. Sai foman ɗinmu, wanda ya shigo masana'antar yana shara, ya bi mataki-mataki har ya zama shi ke juya kowa. Ya san aiki, wannan ba zan hana shi ba. Yakan dubi launin wuta ya ce narki ya yi, kuma ya yi ɗin. Amma tun ranar da ya ji ina da digiri ya sa mini Farfesa, kuma bai taɓa faɗin kalmar da baki mai kyau ba.

Tasar ta zo ne a cikin wani buhu da aka ce daga ƙauyukan Jigawa aka tattaro kayansa. Faɗinta ya kusa kamu ɗaya, ta yi baƙi-ƙirin da koren tsatsa, gefe guda ya lotsa. Na ɗauka zan wurga ta cikin tagulla sai na ji nauyinta ya fi ƙarfin girmanta, kuma babban yatsana ya ji zane a ƙarƙashin dattin. Na tofa yawu na murza. Wasu dogayen haruffan Larabci ne suka zagaye ta ta waje. A ciki kuma, can ƙasa, kifaye bakwai ne ke bin juna suna kewaya wata rana mai tsinkaye, yadda in an zuba ruwa za a ga kamar iyo suke yi.

Na taɓa ganin hoton irinta a wani littafi a ɗakin karatu na jami'a. A iya abin da na tuna, a Masar da Sham ake ƙera su shekaru ɗaruruwa da suka wuce, raƙuma su tsallako da su hamada. An haƙo wasu a tsofaffin kaburbura a nan arewa, wasu kuma sun gangara har cikin kurmi, inda mutanen da ba su san Larabci ba suka ajiye su a wuraren bautarsu. Ban ce tawa ɗaya ce daga cikinsu ba. Ni ba gwani ba ne. Tana iya zama kwaikwayo da wani maƙeri ya yi daga baya, a nan kusa ko a wata ƙasa. Amma ko kwaikwayon ne, wani mutum ya zauna ya buga ta da hannunsa.

Na ɗora ta a kan wani katako a bayan wurin aikina. Da rana, lokacin cin abinci a ƙarƙashin rumfar kwano, sai ta zama abin hira. Baba ya ce kakarsa tana da mai kama da ita, a ciki ake wanke rubutu a ba mai naƙuda, kuma mata daga unguwa uku suke zuwa aro. Mama ta ce a ƙauyensu, can kan duwatsu, wani tsoho ne yake ɓoye irinta a bukka, ba a fito da ita sai an girbe acca, kuma bayan mahaifinta ya shiga coci ya hana su ko leƙawa. Ta ce ita dai ta leƙa sau ɗaya, kuma ba abin da ya same ta.

"Allah ya so tasar nan ba a hannun Bakano ta fara faɗawa ba," in ji Baba, yana kallona. "Da tun zamanin kakanni an zuba mata gurasa an kai bakin kasuwa."

Na ce masa ai ina zaton kakanninsa ne suka yar da ita a hanya ranar da suka zo yaƙi aka koro su. Ya yi dariya har ya ƙware, Mama tana bubbuga masa baya tana cewa mu biyun duk ɓarayin tasar ƙauyensu ne.

A rana ta uku ko ta huɗu na kife ta, sai na ga wani ɗan layin rubutu a gindinta, ƙanana ƙwarai, tsatsa ta rufe shi. Na san maƙeran wancan zamani wasu lokuta sukan sa hannu a irin wannan wuri. Daga nan ban sake samun natsuwa ba. Nakan jiƙo tsamiya daga gida a 'yar kwalba, in ɗiga kaɗan, in shafa da tsumma mai laushi, minti goma ko sha biyar kullum kafin a koma aiki. Mama ta ce in kawo ta ɗora a inji, kafin in sha ruwa ta gama. Na ƙi, don injin zai cinye haruffan tare da tsatsar. Cikin mako biyu kalmomi biyu suka fito, ma'anarsu "aikin gwani". Bayansu sai harafin ain, sai harafin ba, sai ɓawon tsatsa mai kauri da ya rufe sauran. Sunaye da yawa suna farawa da waɗannan haruffa, kuma akasarinsu da ɗaya daga cikin sunayen Allah suke ƙarewa. Na ɗora farar takarda a kai na goga fensir, na kwafi layin, na kwafi wasu daga kifayen da zanen ranar. Takardar na naɗe ta a cikin hulata ta wuce ƙofa.

Abin da nake so bai fi wannan ba: in karanta sunan mutumin har ƙarshe, in kai tasar wurin wani malaminmu na jami'a ya duba.

A nan ne na yi kuskuren da nake ganin ba mai yin irinsa sai ɗan boko matsoraci. Baba ya ce in kawo ya sa ta a ƙasan kular abincinsa, ya rufe da sauran tuwo, maigadin ɗan garinsu ne, ba zai tona ba. Na ce a'a. Duk wanda aka kama da ko ƙusa kora ce, kuma ni ban so a ce da ni ɓarawo ko da a kan gaskiya. Sai na zauna na rubuta wa manaja takarda, shafi biyu, sau uku ina sakewa, ina roƙon izinin fita da tasar. Na miƙa wa sakatare. Ban bi ta hannun foman ba. Na sha gaya wa kaina cewa ban san haka tsarin yake ba, amma ina jin gaskiyar ita ce na sani, tsoro na ji kada ya hana.

Manaja bai kira ni ba. Takardar ya mayar ƙasa wurin foman, ya ce ya duba ya ba da shawara. Foman ya kawo ta rumfa muna cin abinci, ya tsaya ya karanta ta da ƙarfi, yana jan Turancin yana lanƙwasa murya, wasu na dariya, wasu sun sunkuyar da kai. Da ya gama ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Wato ka tsallake ni, Farfesa," ya ce. "To, madalla."

Washegari, ran Talata, da safe ya tura ni Bompai tare da direba, wai in duba wasu tarkace da za a saya. Aikin da bai fi awa ɗaya ba, amma mai kayan bai zo ba sai bayan azahar. Na dawo la'asar ta kusa. Katakon yana nan, kwalbar tsamiyata tana nan, tasar babu.

Mama ce ta gaya mini, ta kashe injinta don in ji sosai. Ta ce ina fita foman ya ɗauko tasar ya miƙa wa Baba ya ce ya jefa a tanderu. Baba ya ce akwai rubutu a jiki, bai san ko sunan Allah ne ba, hannunsa ba zai sa ta a wuta ba. Foman ya ce abin da aka zana wa kifi da rana kayan tsafi ne, ƙona shi ma lada ne. Ya ajiye ta a ƙasa ya bi ta da babbar guduma har ta shafe, ya ɗauka da kansa ya jefa. Mama ta ce ba ta yi minti biyar ba ta zama ruwa.

Na same shi a bakin sito. Ban san me na yi niyyar faɗa ba. Abin da ya fito shi ne tambaya, cikin ladabi, ko me ya sa.

"Kamfani ƙarfe ya saya, bai sayi tarihi ba," ya ce. "In kana son ta, je ka duba kan famfo, tana ciki."

Na ce, "To, Oga." Na juya na koma kan buhuna. Wannan "to" ɗin ta fi komai ci mini rai. Na yi shekara uku ina jin ta a bakina.

Narkin wannan rana kan famfo aka zuba da shi, aka loda a kwali aka kai kasuwa. Har yanzu in na tsuguna zan yi alwala a masallacin da ban saba ba, na ga kan famfo na tagulla, sai na tsaya na dube shi. Na san wauta ce. Amma mutumin da ya buga tasar nan, sunansa ya tsallake hamada, ya tsira daga yaƙe-yaƙe da gobara da hannun magada, ya zo saura kwana kaɗan a sake karanta shi, sai wani ya hallaka shi don an kai takarda ofis ba ta hannunsa ba.

Na yi tunanin ramuwa iri-iri, duk na kasa. Ni ba mai faɗa ba ne, kuma ba zan iya yi wa mutum sharri a wurin manaja ba. Abin da na yi shi ne na koma kan tsofaffin littattafaina na makaranta, kamar mai neman fatawa. A Masar ta dā, in sarki ya tsani wanda ya gabace shi, sai ya aika masassaƙa su bi bango-bango su kankare sunansa, domin a imaninsu wanda aka daina kiran sunansa ya sake mutuwa. A Rum ma majalisa takan yanke wa mutum irin wannan hukunci, a bar dutsen a tsaye, a bar sauran rubutun, wurin sunan kaɗai a farfashe, kowa ya wuce ya ga gurbin. Ni Musulmi ne, na san kankare suna ba ya rage wa mutum komai a wurin Ubangiji. Amma na lura mutanen nan sun gane inda ake taɓa mai girman kai ya ji.

To, muna da wata al'ada a masana'antar, ta ma'aikata ce, ba ta kamfani ba. Duk wanda ya daɗe zai yi ritaya, sai a zuba masa babban faranti na tagulla, a buga sunansa a tsakiya da boko da ajami, a goge shi ya yi ƙyalli, a ba shi ranar sallama. Mutane sukan rataye shi a ɗakin baƙi. Tun da aka ga rubutuna yana da kyau, ni nake zana haruffan a jikin farantin, Baba ya bi layin da ɗan cizal da guduma, Mama ta goge. Foman ya daɗe yana zancen nasa. Ya taɓa gaya mana cewa ya riga ya kafa ƙusa a bango, daidai inda mai shigowa zai fara gani.

Da lokacinsa ya zo, da kansa ya kawo mini 'yar takarda, ya rubuta yadda yake so a sa, da Alhaji a gaba, da sunan mahaifinsa, da na garinsu. Ya ce kada in yi masa ƙananan haruffa. Na ce, "To, Oga," kamar kullum.

Na fito da takardar fensir ɗin nan daga cikin fayil ɗin da nake ajiye takardun shaidata. Na zana kifayen suna zagaye, na cika bakin farantin da ado har ba inda yatsa zai sauka. A tsakiya, cikin zanen ranar, na rubuta layin gindin tasar yadda na kwafe shi: aikin gwani, ain, ba. Bayan nan na bar fili, daidai tsawon wurin da tsatsa ta rufe. Sau biyu ina gogewa.

Baba ya karɓa ya kai kusa da ido, yana motsa leɓe. Ya daɗe.

"Bakano, nan fa ba sunansa."

"Na sani, Baba."

"In an tambaya, ni idona ya mutu, layi kawai nake bi," ya ce, ya jawo cizal.

Mama ba ta karanta Larabci, amma ta gane kifayen. Farantin da takan goge a wuni ɗaya, wannan kwana uku ta yi a kansa, kuma ita ta naɗe shi a takarda ta ɗaure don kada wani ya gani kafin lokaci. Ni kuwa kwana ukun nan na tabbata korata za a yi. Sau biyu na tashi zan ce a zuba wani, sai in tuna gudumar nan in koma in zauna.

Ran Asabar ne da rana, in ban manta ba, a rumfar da ya karanta takardata. An jera lemo, manaja ya yi ɗan jawabi, ya miƙa masa. Foman ya kwance yana murmushi, ya ɗaga sama aka yi tafi. Sannan ya sauke ya duba. Na ga idonsa ya tafi tsakiya, ya zagaya baki, ya dawo. Ya juya bayan farantin, ba komai. Ya sake juyowa, kuma a nan nake jin ya ga kifayen, don murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi. Manaja bai lura ba, yana ta yabon aikin, yana cewa bai taɓa ganin mai kyan wannan ba. Waɗanda ke kusa sun fara leƙe, suna taɓa juna.

Ya tako har inda nake, ya rage murya.

"Farfesa, ina sunana?"

"Ƙarfe muka ba ka, Oga, ba mu ba ka tarihi ba," na ce. "Tagulla ce zalla, ka auna ka gani."

Ina jin ban faɗe ta da kyau kamar yadda na rubuta ta a nan ba. Amma ya ji, Baba ya ji, mutum biyar ko shida sun ji. Bai iya mayar da kyauta a gaban manaja ba, bai kuma iya yin faɗa a ranar sallamarsa ba. Ya sa farantin a hammata, bai sha lemonsa ba, ya fita ta ƙofar da ya yi shekaru yana sa a caje mu.

Ba a kore ni ba. Da zancen ya kai ofis aka ce farantin ba na kamfani ba ne, ba kuma takardar da ta ce dole a sa suna. Wasu abokan aiki sun ce na yi tsanani, mutum ya ba wuri ƙuruciyarsa a sallame shi haka. Limamin masallacinmu na cikin masana'anta ya kira ni gefe ya yi mini nasiha a kan yafiya, na ce ina ƙoƙari. Ba na ƙoƙari. Na duba raina sau da yawa ina neman nadama, don na san ya kamata a ce akwai, ban samu ba. Abin da nake samu shi ne takaicin cewa nasa sunan yana nan a katinsa da bakin 'ya'yansa, na maƙerin kuwa ya tafi ke nan.

Mama ta gaya mini daga baya, don unguwarsu ɗaya, cewa ya kai farantin wurin masu zane a cikin gari a ƙara masa suna. Suka ce ba wuri a gaba sai wannan ɗan filin, in kuma aka sa a nan zai zama ci gaban sunan wani. Sai a baya aka buga masa. Ta ce ya rataye shi a ƙusar, sunan yana kallon bango, baƙi suna yaba kifaye. Ban gani da idona ba, amma ina so ya zama gaskiya.

Yanzu ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kumbotso. Takardar fensir ɗin tana nan, ta fara dushewa a wurin ninki. Baba ya koma Damagaram, ban san ko yana raye ba.

Ina roƙon duk wanda yake rumfar nan a waɗannan ranaku, ko ya ji daga bakin wanda yake wurin, in ya ga na kauce ya aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu: yawan kifayen, ranar da aka tura ni Bompai, ainihin abin da Baba ya ce da abin da na ce. In na ɗora wa foman kalmar da bai faɗa ba, a gaya mini, zan cire. Wanda kuma ya san ƙauyen da buhun ya fito, ko ya taɓa ganin 'yar'uwar tasar nan da layi a gindinta mai farawa da ain da ba, don Allah ya karanta mini sauran. Sunan foman ne kawai kada kowa ya wahalar da kansa ya aiko. Na san shi, da na mahaifinsa, da na garinsu, kuma ba zan rubuta ba.